Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Albarkatun Ruwa: A Sa Mai Fatsa Da Mai Kwale-kwale Cikin Lissafin Madatsunmu

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya yi maka jagora a kan nauyin da ke wuyanka, ina neman izinin ɗauke hankalinka na ɗan lokaci daga maganar famfo da rijiyoyin burtsatse da noman rani, zuwa wata magana da ba kasafai take isowa teburinka ba. Ni tsohon malamin makaranta ne a Kano, kuma tun kafin in ajiye alli na saba, idan Asabar ta zo babu ɗaurin aure babu jana'iza, in ɗauki fatsa da gwangwanin tana in tafi bakin ruwa in zauna. Ba da kifin nake ciyar da gidana ba. Sau da yawa ma karfasa uku ko huɗu nake komawa da su, uwargida ta yi mini dariya ta ce kuɗin mota ya fi kifin. Na san cewa a ƙasar da unguwanni da yawa suke jiran ɗan garuwa kafin a ɗora tukunya, wanda ya zo da maganar kamun kifi don nishaɗi da yawon kwale-kwale zai yi kama da wanda ya ƙoshi. Duk da haka ina roƙon ka daure ka karanta, domin a cikin maganar akwai rayukan mutane, akwai kuɗin shiga da ke zubewa, akwai kuma tambayar wanda za a tuhuma idan wani abu ya faru a kan ruwa.

Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina zaga bakin madatsunmu shi ne, duk wanda yake ɗibar ruwa ya fita da shi yana da gurbi a lissafin gwamnati, amma wanda yake amfani da ruwan a inda yake kwance ba shi da gurbi. Manomin rani yana da magudana da ranar sakin ruwa da jami'in da zai kai wa kuka. Hukumar ruwan sha tana da bututu da yarjejeniya. Injin lantarki yana da injiniyoyi masu auna tsayin ruwa safe da yamma. Shi kuwa masunci da mai fito da saurayin da ya zo shan iska ranar Sallah da irina mai fatsa, ana kallonmu kamar ciyawar da ta tsiro a gefen gona, ba a shuka ta ba, ba a kuma damu da ita ba. Idan ma an ambaci shaƙatawa da kamun kifi a takardun manufa, to a wutsiyar jerin amfanin madatsa ne, babu kasafi a bayansu, babu ma'aikaci, babu ƙa'idar da wani zai tsaya a kanta.

Bari in ba ka abin da idona ya gani a wata madatsa da ba zan ambaci sunanta ba, kashegarin wata Ƙaramar Sallah. Tun da hantsi samari da 'yan mata suka fara sauka daga a-daidaita-sahu cikin shadda da leshi, kowa da wayarsa a hannu. A bakin hanyar shiga wani mutum ya ajiye benci yana karɓar kuɗi, ba takarda ba rasit, kuma da na tambaye shi ko na wace hukuma ne sai ya ce mini in ba zan shiga ba in ba mutane hanya. A bakin ruwan akwai kwale-kwale biyu na masunta, waɗanda a sauran ranaku ake jefa birgi da su, yau kuma sun koma na yawo. Na ƙirga mutum 17 a cikin ɗaya, wanda da masunci ne da kayansa ba zai ɗauki fiye da mutum biyar ba. An cusa tsumma a tsagar katakon an shafe da kwalta, wani yaro da bai wuce shekara goma ba yana zaune a tsakiya da yankakkiyar jarka yana kwarfar ruwa, gefen jirgin kuwa bai fi faɗin tafin hannu tsakaninsa da ruwa ba. Ko mutum ɗaya ba shi da rigar ruwa. Da suka yi nisa sai wata yarinya ta miƙe tsaye don ta ɗauki hoto, jirgin ya karkata, aka yi ihu, matuƙin ya daka mata tsawa ta zauna, sai kowa ya fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, na naɗe fatsata na koma gida da wuri.

Allah Ya tsare a ranar. Amma a ranar 30 ga Nuwamba 2021, a kan ruwan madatsar Watari a Bagwai, jirgin da ya ɗauko mutane daga Badau, galibinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu. A watan Mayun shekarar, jirgin da ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ya tafi da mutane masu yawan gaske. A watan Yunin 2023, fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka halaka a Kogin Kwara wajen Patigi. Za a ce mini waɗannan haɗurran sufuri ne, kuma sufuri ba aikin ma'aikatarka ba ne. Gaskiya ne a takarda. A bakin ruwa kuwa jirgi ɗaya ne, matuƙi ɗaya ne, mashiga ɗaya ce: wanda ya yi fito ranar kasuwa shi ne zai yi su da asuba, shi ne kuma zai zaga da 'yan yawon Sallah. Duk gyaran da aka yi wa mashigar da jirgin saboda ɗaya daga cikinsu, duka ukun ya amfana.

Dalilin da ya sa babu mai yin gyaran yana cikin yadda doka ta raba ruwan. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya ikon ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, ya keɓe mata zirga-zirgar jirage a Kogin Kwara da rassansa da sauran hanyoyin ruwan da Majalisar Tarayya ta ayyana, amma da ya zo kan kamun kifi sai ya cire na koguna da tafkuna da kududdufai na cikin ƙasa daga abin da tarayya ta keɓanta da shi, wato ya bar wa jihohi. Saboda haka a madatsa guda, bangon da ƙofofin sakin ruwa suna hannun ɗaya daga cikin hukumomin raya koguna 12 da ke ƙarƙashinka, jirgin da ke yawo a kan ruwan yana iya faɗawa ƙarƙashin hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wato NIWA, da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, wadda yanzu take ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da aka ƙirƙira a 2023, kifin da ke cikin ruwan na sashen kifi ne na ma'aikatar gona ta jiha, baƙon da ya zo kallo na hukumar yawon buɗe ido ne, mashigar kuwa ƙaramar hukuma ce take yankar mata haraji. Kowannensu yana da hujjar karɓar kuɗi, kowannensu kuma yana da hujjar cewa gawar ba tasa ba ce. Har Kotun Ƙoli sai da aka je tsakanin Jihar Legas da NIWA a kan wanda ke da ikon hanyoyin ruwa, hukunci ya fito a farkon 2024 yana bai wa tarayya gaskiya, amma hukuncin bai sa an rataya rigar ruwa ko ɗaya a wata mashiga ta karkara ba.

Na zaɓi in rubuto maka kai, ban rubuta wa takwaranka na harkokin teku ba, saboda abu biyu. Na farko, Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, wadda ma'aikatarka take aiki da ita, ita ce ta amince wa kowane ɗan ƙasa ya yi amfani da ruwa don kamun kifi da tuƙa jirgi matuƙar bai saɓa wa wata doka ba, kuma wanda ya ba da izini shi ya fi cancanta ya tsara yadda za a more shi. Na biyu, kai ne mai riƙe da mabuɗin ƙofofin madatsu, kuma duk maganar kifi da jirgi tana komawa ne ga yawan ruwan da aka bari da lokacin da aka sake shi.

Ranka ya daɗe, ba sabon abu nake kawo maka daga waje ba. Tsarin kula da ruwa don su da wasa mafi daɗewa da muke da shi yana Argungu, kuma ba injiniya ne ya rubuta shi ba. Kabawa sun daɗe da al'adun Gyaran Ruwa da Fashin Ruwa kafin bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabin Argungu Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, aka yi masa babban su don karramawa. Idan mutum ya cire kiɗa da kwalliya ya dubi ƙashin bayan bikin, zai ga ƙa'idodi ne tsantsa. Ana rufe Matan Fada, kogin da ake bikin a kansa, a hana su a cikinsa har ranar da aka sa, domin kifi ya huta ya girma. An ƙayyade kayan aiki, homa da gora ne, ba a shiga da taru ko injin. An ƙayyade lokaci, ba a fara sai an ba da alama, ba a kuma wuni a ciki. Akwai mutum guda da kowa ya san shi ne mai ruwan, wato Sarkin Ruwa, wanda idan ya ce ba a shiga to ba a shiga. Ga kuma Kabanci, inda ake tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, wato duk abin da a wasu ƙasashe ake gina wa filaye ana kashe wa kuɗi. Saboda wannan tsari ne dubban mutane suke faɗawa ruwa lokaci guda a fito da giwan ruwa mai nauyin da ya haura kilo 70, kuma saboda shi ne UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

To amma Sarkin Ruwa yana iya hana mutum shiga kogi, ba ya iya sa ruwa ya zo. Argungu tana ƙasa da madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato da ta Goronyo da ke kan Rima, dukansu a hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kuma bikin da rani ake yin sa, lokacin da abin da ke gudana a kogi ya dogara ƙwarai da abin da aka sako daga sama. Bikin ya tsaya bayan na 2009 bai dawo ba sai 2020, kuma ko da yake rashin tsaro yana cikin dalilan, maganar ƙarancin ruwa da cikewar kogi da yashi ba ta taɓa barin bakin mutanen wurin ba. A ganina abin kunya ne a ce bikin da ƙasa take tutiya da shi a idon duniya yana jiran alfarmar wani jami'i ko wayar wani gwamna kafin a san ko za a samu ruwa. Kamata ya yi a rubuta shi cikin jadawalin sakin ruwa na shekara, kamar yadda aka rubuta manoman shinkafa da alkama, a san adadinsa da makonsa tun kafin damina ta ɗauke. Haka Rigatar Yawuri a kan Kogin Kwara, da bikin su na Bade a Gogaram, da na Nwonyo a Ibi. Wanda ya san abin da ya sami tafkin Njuwa a Yola, yadda ya cike har bikinsa ya dusashe, ya san cewa irin wannan gado yana iya ɓacewa mutane suna kallo.

A Kano ma mun taɓa samun shugaban da ya hango wannan. Marigayi Audu Bako, wanda a zamaninsa aka gina Bagauda, aka kuma gina Tiga da aka kammala a 1974 don ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2 na ruwa, bai tsaya a noman Kadawa kaɗai ba. An gina otal a bakin tafkin Bagauda, an gina wani a kan dutse a Tiga, da nufin mutumin birni da baƙo su zo su kwana su hau ruwa su ci kifi. Waɗanda suka girme ni kaɗan suna ba da labarin zuwa can hutun ƙarshen mako. Yau otal ɗin Bagauda ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi, wanda ba laifi ba ne, amma yana nuna cewa ɓangaren shaƙatawa na wancan mafarki ya tsaya ne a kan son mutum ɗaya, da ya tafi kuma babu dokar da ta riƙe shi. Mun ƙara Challawa a 1992, Katsina tana da Zobe da Jibiya, Gombe tana da Daɗin Kowa, Adamawa tana da Kiri, Neja tana da Shiroro da Kainji, wadda tafkinta ya haura murabba'in kilomita 1,200. Kuɗin gina waɗannan an riga an kashe, mutane an riga an tashe su daga gidajensu (a Kainji kaɗai fiye da mutum 40,000, har da tsohuwar Busa da ruwa ya cinye). Ƙarin amfanin da nake magana a kai ba ya rage wa manomi ko da bokiti ɗaya, domin mai fatsa da mai kwale-kwale a wurin suke barin ruwan.

Tambayar da na san za ka yi ita ce ta kuɗi, kuma a nan akwai abin koyi a Amurka, duk da ba komai nasu ne zai yi mana daidai ba. A 1950 majalisarsu ta yi dokar da ake kira da sunan 'yan majalisa biyu, Dingell da Johnson, wadda ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan kamun kifi na nishaɗi, ta kuma ce kuɗin ba zai shiga babbar jaka ba, jihohi za a raba wa don gyaran ruwa da kiwon kifi. A 1984 aka faɗaɗa ta aka shigo da harajin man da ƙananan jiragen ruwa masu inji suke sha. Ana rabon ne bisa ma'auni sananne, kashi 60 bisa yawan masu lasisin kamun kifi a jiha, kashi 40 bisa faɗin ƙasa da ruwanta. Gwamnatin tarayya tana biyan har kashi 75 na kuɗin aiki, jiha ta kawo 25, an kuma ware wani kaso musamman don gina mashigun jirage. Sharaɗin da ya fi burge ni shi ne, jihar da take son ta ci wannan kuɗi dole ta yi dokar da ta hana a karkatar da kuɗin lasisin masu kamun kifi zuwa wani aiki daban. Ta haka gwamnatin tarayya ba ta ƙwace ikon kifi daga jihohi ba, ta dai sa musu kwaɗayin da ya tilasta su riƙe amana.

Ba na cewa a ɗora haraji a kan ƙugiya da zare a kasuwar Yawuri ko ta Wudil, domin a nan mai sayen ƙugiya talaka ne mai neman abinci, kuma masu kamun kifi don nishaɗi ba su kai yawan da harajin kayansu zai gina komai ba. Abin ɗauka shi ne sharaɗin nan na cewa kuɗin ruwa ya koma ruwa. Kuɗi ai ana karɓa yanzu haka, mutumin nan mai benci shaida ne. A mayar da shi na hukuma, da tikiti mai lamba da farashi a rubuce a allo. Jiha ta fitar da ƙaramin lasisi ga irina da ke zuwa daga birni da fatsa, ta yi wa jiragen yawo rajista ta rubuta a jikin kowanne adadin mutanen da zai ɗauka, sannan abin da aka tara a madatsa ya zauna a asusun wannan madatsar, a kashe shi a kan rigunan ruwa da dakalin mashiga da jirgin ceto da albashin masu sa ido, a kuma liƙa lissafin a inda kowa zai gani. Ni zan biya da farin ciki, na kuma san abokan zamana na bakin ruwa za su biya, idan muka ga inda kuɗin ya tafi. Ita kuwa tarayya, ta hannun hukumomin raya koguna, ta ce duk jihar da ta yi wannan doka za a ba ta fili a bakin madatsa a kuma tallafa mata da kaso mafi tsoka na kuɗin gina mashiga.

Akwai gargaɗin da ya zama dole in yi, domin na ga yadda kalmar yawon buɗe ido take zama sanda a hannun masu ƙarfi. Ranar da aka ce za a raya bakin ruwa, abin da ya fi sauƙi shi ne a ba wani attajiri fili ya kewaye da katanga, a kori masunta da mata masu banda a ce suna ɓata wurin. Idan haka za a yi, gara a bar mu yadda muke. Ƙasar da gwamnati da kanta take cewa tana buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara alhali abin da take samarwa bai kai rabin haka ba, ba ta da hujjar fifita nishaɗina a kan sana'ar Basarke, wato masunci na gado. Masunci shi ne na farko a kan ruwa, kuma shi ne ya san shi. Shi ya san inda kututturen itatuwan da ruwa ya shanye suke a Kainji, waɗanda suke fasa jirage da dare, shi ya san lokacin da iska take juyawa, shi ya iya nutso ya ciro mutum. Idan za a ɗauki masu ceto da masu jagorar baƙi, daga 'ya'yan masunta za a ɗauka, a ba su horo da takarda, a sa Sarkin Ruwa na wurin cikin kwamitin da ke riƙe da asusun, da ƙuri'a a hannunsa, kada a mayar da shi ɗan rakiya.

Kuma amfanin zai komo kan kifin kansa. Duk wanda ya daɗe yana zama a bakin ruwa ya ga yadda kamu yake ƙanƙancewa. Ragon ruwa da yauni da babban giwan ruwa sun zama labari a wurare da yawa, abin da ake zubewa a faranti 'yan ƙananan karfasa ne da ba su kai tafin hannu ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da abin fashewa da lantarki, ta kuma hana raga mai ƙananan ido, amma ana jan gidan sauro a matsayin taru da rana tsaka, ana zuba maganin ƙwari a ruwa inda kakanni suke amfani da magimfa jefi-jefi, domin jami'in kifi na jiha ba shi da jirgi ba shi da mai. Mai kamun nishaɗi babban kifi yake so, babban kifi kuwa ba ya samuwa sai an bar ƙarami ya girma, saboda haka buƙatarsa da ta masuncin kirki ɗaya ce, kuɗin lasisinsa kuma zai iya zuba wa jami'in mai. Ilimin ma muna da shi a gida, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa, wadda za ta iya faɗa wa kowace madatsa watannin da ya kamata a rufe ta da irin kifin da ya dace a zuba mata.

Sai dai duk wannan ba zai yi ba idan mai buɗe ƙofar madatsa bai san da kifi ba. Yawancin kifayenmu da damina suke hayayyafa, idan ruwa ya hau fadama ya kwanta a cikin ciyawa, karfasa kuwa a gefe mara zurfi take haƙa gurbinta, don haka janye ruwa farat ɗaya yana iya barin ƙwai a tudu. Mutanen dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani sashensa ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2000, sun fi kowa sanin wannan. Tun da Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa yake zuwa musu, ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana har da rani, kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin da kwale-kwale yake bi, ta cinye wuraren su da gonaki. Wurin da tsuntsaye suke zuwa daga Turai su yi hunturu, wanda da an gyara masa hanyar jirgi da baƙi masu kallon tsuntsaye sun riƙa biyan 'yan ƙauyen Dagona kuɗin zagayawa, ya koma fama da ciyawa. Injiniyan da ke rubuta jadawalin sakin ruwa yana buƙatar masanin kifi da wakilin masunta a kusa da shi lokacin da yake rubutawa.

Wani ɗan abu da ake mantawa, wanda a matsayina na tsohon malami ba zan iya tsallakewa ba, shi ne tsargiya. Na sha ganin ɗalibai suna fitsarin jini suna ɗauka alamar girma ce. Ruwan da ke kwance a gefen madatsu da magudanan rani shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da cutar, kuma idan za a gayyaci jama'a bakin ruwa, wajibi ne a san inda ya dace a yi wanka da inda bai dace ba, a gina banɗaki, a haɗa kai da ma'aikatan lafiya. Tunda an haɗa maka tsaftar muhalli cikin sunan ma'aikatarka, wannan ma a gidanka yake.

Ban manta da abin da ya sami ƙudurin dokar albarkatun ruwa ba, wanda aka kai majalisa aka dawo da shi fiye da sau ɗaya tun daga 2018, saboda zargin cewa tarayya tana son ƙwace bakin koguna daga jihohi da al'ummomi. Ko zargin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ya nuna cewa duk abin da ya yi kama da ƙwace ba zai wuce ba, shi ya sa abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar doka daga Abuja. Kana da Majalisar Ƙasa kan Albarkatun Ruwa, inda kwamishinonin jihohi suke zama da kai. Ka kai musu takarda guda da za ta amince cewa kamun kifi da tuƙa jirgi da shaƙatawa amfani ne na madatsa da ake yi wa tanadi, ka gayyato NIWA da sashen kifi su sa hannu a kan wanda ke da alhakin me a kowane ruwa, ka umarci hukumomin raya koguna su rubuta wa kowace babbar madatsa taswirar da ta nuna inda ake su, inda ake yawo, inda aka hana kusanta saboda ƙofofi da bututun ruwan sha. Kada a fara da ƙasa baki ɗaya. A gwada a wurare uku ko huɗu, misali Tiga da Goronyo da Daɗin Kowa da ɓangaren Yawuri, a ga abin da ya yi da wanda bai yi ba cikin shekara biyu, sannan a faɗaɗa.

Kafin a kai ga duk wannan, akwai abin da wasiƙa ɗaya daga ofishinka za ta iya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Sallah tana zuwa ko an shirya ko ba a shirya ba. A umarci kowace hukumar raya kogi ta zauna da Sarkin Ruwa da shugaban ƙaramar hukuma na kowace madatsar da jama'a suke taruwa, a kafa allo da Hausa da ajami da harshen mutanen wurin mai ɗauke da adadin mutanen da jirgi zai ɗauka da lokacin da ake daina hawa ruwa da lambar wayar da za a kira, a ajiye rigunan ruwa ko da hamsin ne a hannun mutumin da aka san sunansa, a kuma tsayar da jirgi ɗaya mai inji da masu nutso biyu daga safe zuwa magariba na kwana uku. Idan ka samu sarari ka zo da kanka ba tare da jiniya ba, ka tsaya a mashiga kashegarin Sallah da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, ka ƙirga kawunan da ke cikin jirgi na farko da zai tashi.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah Ya taimaki Minista.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon malami mai fatsa, daga Kano